Sanyin da Na Sha da Awakin Ruslan

Ban ma fita daga harabar filin jirgin saman Bishkek ba, mutumin da ya zo tarbata ya miƙo hannu ya ce in ba shi fasfo ɗina. Dogo ne fari, yana Turanci a hankali kamar mai tauna tsakuwa. Ya ce sunansa Ruslan, shi ne mai gonar da zan yi aiki, kuma sai an kai takardun baƙo an yi masa rajista kafin ya zauna a ƙasar. Na ciro na ba shi, har da godiya. An ce baƙo ko da ido makaho ne.

Sunana Nafi'u. Ƙauyenmu yana tsakanin Rimin Gado da Watari. Na yi digiri a kan kiwon dabbobi, na dawo gida na zauna ba aiki, ina taya yayana Habu noman rani. Wani mai sayar da magani da abincin dabbobi a Kano, Alhaji Sabo, wanda muke sayen maganin tsutsa a wurinsa, shi ya kira ni gefe wata rana ya ce yana da abokin kasuwanci a ƙasar Kirgistan mai gonar binciken awaki, yana neman wanda ya yi karatu. Zan yi aiki a gonar, su kuma su sa ni a jami'a in yi digiri na biyu. Da ya faɗi abin da ake binciken a kai, sai na ji kamar don ni aka shirya shi.

Akuya ba ita kaɗai take cin abincinta ba. A cikin tumbinta akwai ƙananan halittu, bakteriya, da ido ba ya gani, su suke fara sarrafa duk abin da ta haɗiya. Akwai kuma wani sinadari, fosforas, da shi jiki yake gina ƙashi, shi yake taimaka wa nono ya zo. Yana da yawa a dusa da hatsi, sai dai a ɗaure yake kamar goro a bakin zane. Kaza ba ta iya kwance wannan ƙulli sosai, amma akuya tana iyawa, albarkacin waɗancan ƙwayoyi na tumbinta. Wannan abu ya daɗe yana ba ni sha'awa tun ina makaranta. Ruslan kuwa yana da wata hoda da ya ce busassun bakteriya ce masu ƙarfi, in ana zuba wa akuya cokali guda ba ta ƙara bukatar dusa ko gishirin lasa, daga busasshiyar ciyawa kaɗai za ta samu duk fosforas ɗin da take so. Aikina shi ne in gwada.

Daga Bishkek, babban birnin ƙasar, muka ɗauki hanya da hantsi, ba mu isa ba sai da rana ta yi ja. Tun muna wuce garuruwa har muka koma wuce gida ɗaya-ɗaya, daga nan sai duwatsu. Ni na tashi a inda gona take jingine da gona, ba ka tafiya mai nisa ba ka ji sallama ba, ko jaki ya wuce ka da mangalar taki, ko wata tsohuwa ta tsayar da kai ta tambayi lafiyar Innarka. A nan kuwa sai mu yi tafiya mai tsawo ban ga ɗan Adam ba, sai dawakai can nesa a gindin dutse. Na tambayi Ruslan ina jami'ar take.

"A birni," ya ce. "Bayan rajista."

Gonar tana cikin wani kwari tsakanin duwatsu biyu. Doguwar rumfar awaki, ɗakin girki, ofis, da wani ɗakin ƙarfe irin kwantenar da ake ɗauko kaya a jirgin ruwa, wanda aka huda wa taga aka sa murhun gawayi. Nan ne ɗakina. Na lura ƙofar gonar ba ta da kwaɗo, na ji daɗi. Ban daɗe ba na gane dalili. Ina za ka?

Mu uku ne a wurin. Akwai wata dattijuwa mai girki, gajera mai haƙorin zinare, kowa yana ce mata Apa, wato Inna a harshensu. Akwai ɗanta Bakit, magidanci mai shiru-shiru, shi ne direban babbar motar da ke kawo ciyawa, yana kuma kiwon dawakansa a bayan rumfa. Babu mai jin Turanci a cikinsu. Da na yi wa Apa sallama ta amsa da wa'alaikumus salam, sai da ƙwalla ta cika mini ido. Ta zaunar da ni ta ajiye mini gurasa da shayi. Ta nuna kofin ta ce, "Cai." Na ce, "Shayi." Ta yi dariya har zinaren ya haska. Da irin waɗannan guntayen kalmomi da nuni da hannu muka yi zamanmu.

An raba awakin gida biyu. Kashi ɗaya ana ba su ciyawa da dusar alkama da gishirin lasa. Kashi na biyu busasshen karan alkama kawai da hodar Ruslan. A kowane kashi akwai 'yan awakin da aka huda wa ciki ta gefen hagu, aka sa murfin roba, yadda za a iya buɗewa a ɗebo ruwan tumbi ba tare da an yanka su ba. Na taɓa ganin hotonsu a littafi, ban taɓa gani da ido ba. Kowace safiya bayan na yi sallah zan buɗe murfin, in zura hannu har gwiwa, in matso ruwan a kwalba, akuyar tana tuƙa abinta kamar ba da ita ake ba. Warin yana bin mutum har cikin bargo. In kai ɗakin gwaji in ɗiga a gilashi in duba a madubin ƙara girma. Ita kuwa na'urar auna fosforas a jini, wadda ita ce ginshiƙin aikin duka, a lalace na same ta.

"Kayan gyara suna hanya," in ji Ruslan.

Shi a wani gari yake zaune can ƙasan kwarin, ranar Juma'a yake hawowa. Babu sabis ɗin waya a gonar sai intanet na ofis, kuma makullin ofis yana aljihunsa. In ya zo sai ya buɗe mini in kira gida, yana zaune yana shan sigari yana kallona. Duk zuwa sai na tambaye shi fasfo da maganar makaranta, duk zuwa amsa ɗaya ce: takardu suna ofishin hukuma, ƙasarsu ba a gaggawa.

Innarmu tana da hawan jini, don haka in ta karɓi waya sai in gyara murya.

"Nafi'u, kana cin abinci kuwa?"

"Ina ci, Inna. Har na yi ƙiba."

"Malaman naku suna da kirki?"

"Sosai ma."

"To, Allah ya yi albarka. Ka riƙe sallah."

Yaya Habu ne kawai na gaya wa gaskiya, bayan na ga wata ya bi wata. Ya ce in kwantar da hankalina, zai je wurin Alhaji Sabo. Juma'ar da ta biyo ya ce ya je, Alhaji ya karɓe shi hannu biyu, har lemo ya sa aka kawo masa, ya ce harkar ƙasar waje sai da haƙuri, kada yaro ya yi wa kansa baƙin jini a wurin Turawa. Na ajiye wayar. Wanda ya kawo ni nan, shi ne kaɗai wanda 'yan'uwana suka sani da za su kai wa kuka.

Sai sanyi ya sauko. Ni da nake ganin na san sanyi saboda ban-ruwan asuba a Watari, ashe wasa nake. Ƙanƙara ta rufe duwatsun, ta rufe rufin rumfa, ta rufe hanya. Ruwan alwala in na bar shi a buta sai ya zama dutse. Leɓɓana suka tsattsage, yatsuna suka kumbura. Hanyar ƙasa takan toshe, sai an turo motar share ƙanƙara, don haka Ruslan ya koma zuwa jefi-jefi, kiran gida ma ya zama sai an dace. Wuri ɗaya ne hannuna yake samun ɗumi na gaske, cikin tumbin akuya. Nakan bar shi a ciki fiye da yadda aiki yake bukata, in jingina goshina a bayanta, in rufe ido, in ga kaina a bakin kwalbatin garinmu ana loda kwandunan tumatir, ana ciniki ana rantse-rantse.

Wata rana da rana ta ɗan fito na ce bari in gwada hanyar da ƙafa. Ban yi shawara da kowa ba. Na yi ta tafiya ƙanƙara tana kama ni har gwiwa, har na daina jin ƙafafuna. Da na waiwaya, rumfar tana nan kusa kamar ban motsa ba. A gabana kuma fari ne fat har inda ido ya tsaya. Ko na kai gari, me zan ce, da wane harshe, da wace takarda? Ina tsaye a nan Bakit ya iso a kan doki. Bai yi mini faɗa ba. Ya miƙo hannu ya ɗora ni a bayansa. Apa ta cire mini takalma da kanta, ta sa ƙafafuna a ruwa mai ɗumi-ɗumi, tana ta magana da harshenta. Kalma ɗaya na tsinta, don ta yi ta maimaita ta: "Sabir, sabir." Na gane sabr na Larabci take nufi, haƙuri. Washegari ta kawo mini wata tsohuwar rigar fatar tunkiya, ta nuna sama ta shafa fuska, na fahimci ta marigayi mijinta ce.

A tsakiyar sanyin awakin hoda suka fara nuna abin da nake tsoro. Suka rage ci. Suka fara gurgurar katakon rumfa, suna lasar ƙarfe, suna tauna igiya. Na san wannan alama, don a ƙarshen rani a garinmu, lokacin da harawa ta ƙare kuma dusa ta yi tsada, nakan ga awaki a juji suna tauna tsohon ƙashi. Jikinsu ne yake neman fosforas. Daga nan tafiyarsu ta canja, suna taka ƙasa kamar masu taka ƙaya. A madubi kuma, ruwan tumbinsu da a da yake cike da motsi ya koma kamar kasuwar da ta watse, domin su ma ƙwayoyin da fosforas suke rayuwa, akuya ce take aika musu ta cikin yawunta. In babu a jikinta, su ma sun shiga uku. Ɗaya kashin kuwa, masu cin dusa, lafiyarsu ƙalau.

Da Ruslan ya samu hawowa na kai shi rumfa na nuna masa. Na ce, "Ƙwayoyin nan kwance ƙulli suke yi, ba sa ƙirƙirar abin da babu. Karan alkama ba shi da isasshen fosforas. Ko buhu guda na hodar ka zuba, ba za su samo shi daga iska ba."

Ya dubi awakin, ya dube ni. "Sanyi ne," ya ce. "A ƙasarku akwai zafi. A can zai yi aiki."

Ban fahimci abin da ya kawo ƙasarmu cikin maganar ba sai zuwansa na gaba. Ya zo da wani mai kyamara, da sabon buhu mai hoton jar akuya irin tamu, da farar riga irin ta likitoci. Ya ce Alhaji Sabo ya yi odar kaya masu yawa, za a sayar a kasuwannin Kano da kewaye. Abin da ya rage shi ne bidiyon talla: ɗan ƙasa, mai ilimi, a tsaye a ƙasar waje, yana gaya wa mutanensa da Hausa cewa ya gwada da hannunsa. Alhaji ya ma turo abin da zan faɗa.

Sai a lokacin na gane me aka kawo ni yi. Ba bincike ba ne, ba karatu ba. Fuskata da bakina ake so.

"Ka yi wannan," in ji Ruslan, "mu sauka tare in ba ka fasfo, ka fara makaranta."

Na ce ya ba ni lokaci in haddace. Na shiga rumfa da takardar a hannu. A lungu akwai wata akuya mai ciki daga kashin hoda da ta kwana biyu ba ta iya tashi, ta haihu da safiyar ranar, ɗan bai zo da rai ba. Na tsuguna kusa da ita. Wa zai sayi hodar nan? Ba masu manyan gonaki ba ne, su suna da likitoci. Matan garinmu ne, masu akuya biyu ko uku a bayan ɗaki, waɗanda in an ce musu ga abin da zai hutar da su sayen dusa za su yi murna. Za su ce ai ɗan gidan Inna Hajara ne ya faɗa, yaron da ya yi karatu. Sannan na tuna fasfo. Wallahi na tuna shi, na kuma so shi kamar yadda mai ƙishi yake son ruwa. Na fito ban san me zan yi ba.

Aka sa mini farar rigar a kan ta fatar tunkiya, aka tsayar da ni a gaban awaki masu cin dusa, masu sheƙi, aka ba ni buhun. Mai kyamara ya ɗaga hannu.

Na fara kamar yadda aka rubuta. Na yi sallama, na gaida manoma da makiyaya, na faɗi sunana da garinmu, na ce ina magana ne daga wata babbar gonar bincike. Na ɗaga buhun na faɗi sunan hodar. Ruslan yana gefe yana gyaɗa kai. Da na dube shi sai ya faɗo mini cewa a duk faɗin kwarin nan, daga wannan dutse zuwa wancan, babu mai jin abin da nake faɗa sai Allah.

Ban sauke murmushin ba, ban sauke buhun ba. Na ce, "Jama'a, awakin da kuke gani a bayana ba wannan hoda suke ci ba, dusa suke ci. Masu cin hodar suna ciki, ƙafafunsu sun mutu, suna cin katako. Don Allah kada wanda ya daina ba akuyarsa dusa da harawa saboda wannan abu. Ni kuma an karɓe mini fasfo tun ranar da na sauka, ban ga ƙofar makaranta ba. Wanda ya san yayana Habu na gidan Malam Isa, ya gaya masa." Na rufe da godiya, na ƙara ɗaga buhun sama.

Ruslan ya tafa. Ya ce na iya talla. Ya ce zai tura wa Alhaji, in ya amince sai ya dawo ya ɗauke ni.

Na san Alhaji Sabo yana jin Hausa. Ban sa ran kowa zai ga bidiyon ba bayan shi. Abin da na sani kawai shi ne ba za a yi amfani da shi ba, ni kuma na rufe wa kaina ƙofa.

Da Ruslan ya dawo ko gaisuwa babu. Ya same ni a ɗakin gwaji, ya fizge wayata daga kan tebur ya sa a aljihu. Fuskarsa ta yi ja kamar gauta.

"An fassara mini," ya ce. "Kana son awaki? Zauna da su."

Ya kwashe buhunan gawayin ɗakina ya zuba a motarsa. Ya yi wa Apa da Bakit magana da tsawa, yana nuna ni, yana nuna ɗakin girki. Ya tafi.

Wannan shi ne lokaci mafi tsanani. Ba waya, ba labarin gida, ban san ko Inna tana raye ba, ban san ko wani ya san inda nake ba. Na kwashe bargona na koma rumfa, don numfashin awaki ya fi ɗakin ƙarfe ɗumi. Na daina lissafin ranaku, Juma'a ma sai in ga Bakit ya sa farar hularsa sannan in gane. Akwai ranakun da nake zama in yi ta magana da Hausa ni kaɗai, ina kiran sunayen gonakin garinmu ɗaya bayan ɗaya daga bakin titi har rafi, don kada kaina ya juye.

An hana Apa ba ni abinci, amma kullum da rana sai ta shigo rumfa kamar mai neman wani abu, ta ciro gurasa da kwanon miya daga cikin rigarta ta ajiye a kan kwamin ciyawa, ta fita ba ta dube ni ba. Ni kuma na ja Bakit na kai shi wurin awakin da suka gurgunce, na nuna masa buhun dusar da yake ba dawakansa, na nuna bakinsu. Ya gyaɗa kai. Washegari na tarar da rabin buhu a bayan ƙofa. Na daina zuba hodar, na koma ba su dusa kaɗan-kaɗan. Wasu sun riga sun yi nisa, suka mutu. Amma da yawa suka fara tashi, suka daina cin katako, kuma ranar da na ɗiga ruwan tumbin ɗaya a gilashi na ga ƙwayoyin sun dawo suna kai da kawo, na yi ta kallo har idona ya yi zafi. Ba wanda zan nuna wa. Na kira Apa ta leƙa, ta ja da baya tana salati, ta ƙi cin abinci ranar.

Ƙanƙara ta fara narkewa, ruwa yana gangarowa daga duwatsu, sai ga motar Ruslan. Ya shigo rumfa ya tsaya daga nesa. Ya ciro fasfo ɗina da wayata ya jefa cikin kwamin ciyawa.

"Ka bar mini gona yau."

Na ɗauki fasfon. Na buɗe. Bizar da ke ciki ta 'yan yawon buɗe ido ce, ta daɗe da ƙarewa. Babu wani hatimin rajista. Bai taɓa kai shi ko'ina ba.

Apa ta cika mini leda da gurasa da busasshen cuku. Na cire rigar mijinta zan mayar, ta buge mini hannu. Ta kama kaina da hannu biyu ta yi addu'a mai tsawo, muka shafa tare. Bakit ya sa ni a motar ciyawa. Da muka kai inda sabis yake, ya tsaya a gefen hanya ya miƙo mini wayarsa, don tawa ba caji.

Yaya Habu yana jin muryata ya fashe da kuka, babban mutum. Da ya natsu ya ba ni labari. Ashe Alhaji Sabo farkon bidiyon kawai ya kalla, ya ga sallama da murmushi da buhu a sama, sai ya tura wa duk guruf-guruf na waya na dillalan dabbobi da masu sayen kayansa. Kafin wani ya kira shi ya ce Alhaji ka saurari abin nan kuwa, bidiyon ya riga ya zaga. A kasuwar Rimin Gado wani dillali ya nuna wa Yaya. Mai unguwarmu ya tara dattawa suka cika mota, suka je suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar shagon Alhaji. Ba su zage shi ba, ba su taɓa shi ba. Duk wanda ya zo sayayya sai su gaishe shi su nuna masa bidiyon. Kullum haka, su zo da safe su tashi da la'asar, har Alhaji ya ga ciniki ya tsaya, ya shiga kiran Ruslan yana roƙo.

"Inna fa?" na tambaya.

"Ta gani. Matan unguwa suka kai mata. Ta kwanta asibiti, amma ta tashi. Ga ta nan tana miƙo hannu."

Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Kai da ka ce ka yi ƙiba?"

A Bishkek ma ban tsira nan take ba. Wanda bizarsa ta ƙare ba ya fita sai da izini, izinin kuma sai an bi layi an dawo an sake dawowa. Bakit ya kai ni wani masallaci ya damƙa ni ga limamin, limamin ya haɗa ni da wasu ɗaliban likitanci 'yan Pakistan, suka ba ni katifa a ɗakinsu. Ɗayansu yana raka ni ofis yana yi mini tafinta. Fasfo yana aljihuna, jirage suna wucewa ta saman ɗakin kullum, ni kuma ina zaune. Sai da itatuwan birnin suka yi ganye sannan aka buga mini hatimi. Mutanen garinmu ne suka haɗa aka saya mini tikiti.

Na dawo ba digiri, ba komai sai rigar fatar tunkiya da ba ta da amfani a Kano. Na koma noman rani da Yaya, ina kuma duba wa mutane dabbobi. Yara suna kirana Mai Bidiyo. Alhaji Sabo ya rufe shagonsa, aka ce ya koma wata unguwa.

Bayan damina biyu, ranar kasuwar Rimin Gado, ina wucewa ta layin masu magani na ji lasifika tana talla. Wani mai tebur ya jera ƙananan buhuna, sunan daban, kalar daban, ya jingina waya mutane sun kewaye suna kallo. Na leƙa. Wani saurayi ne a cikin farar riga, da buhu a hannu, awaki masu sheƙi a bayansa, da dutse mai ƙanƙara. Na san katakon rumfar nan, har inda aka gurgure shi. Leɓɓan yaron a tsattsage. Yana faɗin kalmomin da aka taɓa ba ni, ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya har ƙarshe ina jiran ya kauce ko da kalma guda. Bai kauce ba. Ya yi godiya ya ɗaga buhun.

Na gaya wa mutanen da ke wurin abin da na sani, wasu suka gane ni suka mayar da abin da suka ɗauka. Mai teburin ya ɓata rai. Na ce ba rigima na zo yi ba, yaron nan ɗan ina ne?

"Ɗan wajen Dawakin Tofa ne. Digiri yake yi a Turai."

A bidiyon ya faɗi sunansa da ƙauyensu, kamar yadda aka tsara. Washegari na hau babur. Na sami mahaifinsa a ƙofar gida yana gyaran mangala, dattijo mai farin gemu. Da na ambaci ɗansa fuskarsa ta washe, ya sa aka kawo mini ruwa, ya ciro waya zai nuna mini bidiyon.

"Na gani, Baba," na ce. "Ni ma a gonar na zauna."

Na ba shi labari tun daga filin jirgi. Bai katse ni ba. Tun yana riƙe da wayar har ya kife ta a kan tabarma. Da na gama ya sunkuyar da kai.

"Ya ce mana yana lafiya," ya ce a hankali. "Kullum cewa yake yana lafiya." Ya ɗago. "To, Malam, kai ta wace hanya ka fito?"

Na miƙe na kakkaɓe rigata.

"Baba, ɗauko hularka da tabarma. A kira mai unguwa. Kano za mu, ƙofar shagon wanda ya tura shi."